Nauyin da Zan Ɗauka Zuwa Daura

A shekarun da aka fara shari'a, lokacin da mata suka rage hawa acaɓa bayan ƙaton da ba muharraminsu ba, ina da babur mai ƙafa uku, irin mai bodi a baya, wanda a wajenmu ake ce wa kurkura. Gero da gyaɗa nake kwasa da shi daga ƙauyenmu zuwa Zango, ranar kasuwa kuma in nausa Mai'adua. Na hannu na saya, sifirin ɗinsa ya riga ya gaji ya kwanta. In na faɗa rami sai bodin ya daki ƙarfen ƙafa, in ji shi har cikin haƙorana. Buhu ba ya ƙorafi, don haka ni ma ban taɓa damuwa ba.

Matata ta yi ɓari sau biyu. Na ukun ne ya zauna har ya kai wata shida. Ranar da muka je awo Daura a motar haya, malamar asibiti ta kira ni gefe, ta yi min magana kamar tana yi wa ɗan firamare. Ta ce jininta yana hawa, a riƙa kawo ta duk sati biyu, ba daka, ba ɗibar ruwa, ba girgiza a hanya. Na ce to. A satin nan ruwa ya sauka, mota ta daina shigowa ƙauyenmu, kuma tsakaninmu da kwalta duk zaizaya ce da gargada. Abin hawa ɗaya ya rage mana, shi ne kurkurata. Sai na ce bari in kai a sassauta mata ƙafa ta yi laushi.

Bakaniken da yake taɓa min ita a Zango baffan matata ne, ƙanin mahaifinta, shi ya riƙe ta tun tana rarrafe, shi ya ɗaura mana aure. Dattijo ne mai faɗa da ƙarfe, ba ya faɗa da mutane. Ban taɓa zama a benci yana zaune ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga gida nake shirya abin da zan ce masa, ina gyarawa ina rushewa. Ta yaya mutum zai tsaya gaban surukinsa ya buɗe baki ya ce ’yarka tana da ciki? Ko a mafarki ba na iyawa.

Na tarar da shi a inuwar bedi yana wanke wani ƙarfe da fetur. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwar ta ƙare, ban sami ƙofar shiga ba.

"Baba, ƙafar bayan nan nake so a duba min."

"Me take yi?"

"Tana dukan bodi. Ga shi kuma akwai nauyi da zan riƙa ɗauka zuwa Daura."

A wajenmu in cikin mace ya tsufa cewa ake ta yi nauyi. Ni a ganina na faɗi magana ƙarara, har na ji na yi rashin kunya. Shi kuwa da kunnen bakanike ya saurare ni. Maganar ciki ta mata ce, ba wanda ya kai masa.

"Har Daura?" in ji shi. "Kasuwa ta buɗe ke nan. Allah ya sa albarka. Jeka ka dawo da la'asar."

Da na dawo na tarar ya yi min aikin da ba ya yi ma kowa. Ya samo sifirin na tsohuwar akori-kura, ya yanka daidai, ya ƙara falle biyu a kowane gefe. Ya cire shakazobana masu shanye girgiza ya sa masu tauri, ya ɗaure notuna, ya ɗiga musu walda don kada su kwance. Ya kira maƙwabtansa biyu suka hau bodin tare da shi, su uku suna tsalle, ko gezau ba ta yi ba.

"Ko raƙumi ka ɗora, sai dai raƙumin ya gaji," ya ce, yana goge hannu. Ban taɓa ganin fara'a irin wannan a fuskarsa ba.

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Gaskiya aiki ya yi kyau. In na loda ta da buhuna ba ta karkacewa a kwana, kanta ba ya rawa, tana tafiya kamar an shimfiɗa mata tabarma. Amma ba kaya, sai ta koma jaki mai tutsu. Tun a hanyar komawa gida na gane an yi gyaran gangar Auzinawa, kuma ba laifin mai gyaran ba ne.

Kwana biyar ya rage a koma awo. In na koma wajensa, dole in ce aikinsa bai yi ba, dole kuma in faɗi dalili. In na kai wa wani bakanike, kafin magariba ya ji, domin kowa ya san waldarsa kuma kowa ya san kurkurata. Na gwada kwancewa da kaina, sifana ta zame ta fasa min yatsa. Sai na koma dabara. Na jera buhu huɗu na gero don su danne sifirin, na shimfiɗa katifa a kai, na rage iskar taya.

Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon shirin.

"Malam, ka faɗa ma Baba kuwa?"

"Na faɗa masa."

Na daɗe ina gaya wa kaina wannan ba ƙarya ba ce.

Zuwan farko ya wuce lafiya. Ta riƙe ƙarfen bodi da hannu biyu, ni kuwa ban waiwaya ba. Zuwa na biyu an kwana ana ruwa. Kafin mu kai rabin hanya taya ta nutse a laka saboda nauyin buhunan, sai da na sauke biyu a gonar wani muka fita. Daga nan sifirin ya miƙe abinsa. Ina tafiya kamar mai bin jana'iza, amma duk ramin da na shiga ina jin bodin yana harba ta sama. Sau ɗaya ta ce, "Malam, a hankali." Babu wani a hankali da ya rage min. Da muka hau kwalta ta ce kanta yana sarawa, tana ganin walƙiya a idonta.

A asibiti suka shige da ita, suka bar ni a baranda. Bayan azahar malamar nan ta fito ta ce uwar tana nan da rai. Namiji ne, in ji ta, bai zo da rai ba.

Na tambaye ta ko hanya ce.

Ta kalle ni ta ce, "Jinin ne ya hau sosai. Ka yi haƙuri, haka Allah ya so." Ba ta ce hanya ce ba, ba ta ce ba hanya ba ce, kuma ban sake tambayar kowa ba.

An miƙo min shi a naɗe cikin ɗan ƙyalle. Ni da yayana muka kai shi maƙabarta, muka rufe, muka dawo. Ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Na sayi shinkafa da wake a bakin asibiti, na cinye tas. Na tuna na bar buhu biyu a gonar mutane, na yi ta tunanin ko ruwa ya taɓa su. Mutane suna ce min sai haƙuri, ina ce musu na gode. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Washegari baffanta ya zo. Ya shiga ya duba ta, ya fito ya same ni a gindin bishiya inda na ajiye kurkurar. Na durƙusa, ya yi min gaisuwa, na amsa. Sai idonsa ya kai kan katifar da ke shimfiɗe a kan buhu biyu. Ya daɗe yana kallonta. Ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa fallayen da ya ƙara da hannunsa.

"Wannan ne nauyin?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ka ce min mutum ne," ya ce. "Mutum kawai. Ba sai na san ko wane ne ba."

Bai ɗaga murya ba. Na so a ce ya zage ni, ko ya mare ni gaban jama'a, wataƙila da na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da azahar sai ga shi da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Ya kwanta a ƙasan harabar asibiti da farar rigarsa ta zuwa dubiya, ya sa kurfi da guduma ya fasa waldar, ya zare fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya sa shakazoba masu laushi da ya zo da su. Ni na riƙe masa jak. Abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce ɗaga da sauke ba. Da ya gama ya danna bodin da tafin hannu ɗaya, ya lotsa ya taso a hankali. Ya kwashe ƙarafansa, ya tafi sallah.

A kwana na huɗu aka sallame ta. Na sauke buhunan, na shimfiɗa katifar a kan bodin kawai, ta kwanta, yayarta da ta zo jinya ta zauna kusa da ita. Muka bar kwalta muka shiga hanyarmu. Ramukan suna nan inda na bar su, amma kurkurar tana shiga tana fita kamar kwalekwale. Da na waiwaya na ga barci ya ɗauke ta.

A ƙofar gida na kashe inji. Ta farka, yayarta ta kama ta ta sauko. Ta tsaya dafe da bodin, ta ɗan danna shi, ta ji ya lotsa.

"Wa ya gyara?"

"Baba."

"Kwana nawa ya yi yana yi?"

"Tsakanin azahar da la'asar."

Ta gyara mayafinta.

"Ashe ba wuya," ta ce, ta shiga gida.