Kakana, Shofer Ɗin da Bai Taɓa Yin Permi Ba

Shekara goma ke nan da muka kai Malam Isuhu makwancinsa a bayan garin Lyon, a ɓangaren maƙabartar da aka ware wa Musulmi. Kakana ne, mahaifin innata. Ni ne Lawali. In kun taɓa zuwa suna ko ɗaurin aure a unguwarmu ta Vaulx-en-Velin, to kun ji muryata tun kafin ku ga fuskata. Lakol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, a kolej muka rabu da malamai lafiya lau, ba wanda ya yi kewar wani. Don haka mai gyaran jaridar nan ya yi haƙuri, yadda nake magana haka zan rubuta. Akwai maganar da tsohon ya ce in faɗa a gaban mutane, na riƙe ta duk shekarun nan. Yau zan sauke ta.

Tsoho ɗan Maradi ne, garin da babban ruwansa gulbi ne, shi ma sai da damina. Yana saurayi ya bi ƴan fatauci zuwa Kano, daga nan Ikko, daga nan Dakar, can ya samu aiki a jirgin ruwan da ke zuwa Marseille. A zamanin duk mai zuwa Faransa ta ruwa yake bi, soja ne, ɗan karatu ne, ko bature mai komawa hutu. Yana da ɗan littafin ma'aikatan jirgi da yake naɗewa a leda ya ajiye cikin gwangwanin biskit. A ciki akwai hotonsa, wuya kamar na zalɓe, a ƙarƙashi an rubuta aikinsa da Faransanci: chauffeur. Da wasiƙarsa ta farko ta isa gida, mai karantawa ya ce Isuhu ya zama shofer a bato. Kafin la'asar unguwa duk ta ji cewa Isuhu ne ke tuƙa jirgin turawa a kan teku. Da wannan labarin aka goya innata, da shi aka goya ni.

To na iso Faransa ina ɗan shekara goma sha huɗu, ina jiran in ga mutum mai farar hula da zare-zare a kafaɗa. Sai na tarar da wani tsoho siriri mai tari, wanda ko keke bai iya ba, in ya shiga metro A, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana rungume ƙarfe da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Permi kuwa, wato lasisin tuƙi, ko warinsa bai taɓa ji ba. Kun san jika da kaka. Nan take na raɗa masa suna Kapiten. In na ce, "Kapiten, yau ina muka nufa?" sai ya ce, "Gidan ubanka, marar kunya." Haka muke, kuma yana jin daɗin abin.

Ranar da na wuce gona da iri, suna ake yi a zauren taro na ƙasan benenmu. Wasu ƴan Najeriya masu karatun injiniya a Villeurbanne sun kewaye shi, yana ba su labarin wata guguwa da ta kama su bayan Casablanca. Ni kuma na ga ya kwashe mini jama'a. Na ce, "Ku tambaye shi ina burki yake a jirgin. Shofer ne fa, amma ko amalanke bai taɓa tuƙawa ba." Aka yi dariya. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Sai na ƙara da cewa littafin ma a bakin tashar Marseille ya saye shi. Wannan karon dariyar ta fi yawa, har wani ya ce, "Ai tsofaffin nan akwai ƙarin gishiri." Tsoho ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya hau sama. Wata uku bai ƙara ambaton jirgi ba, bai kuma ƙara zagina ba. Rashin zagin ne ya fi damuna.

Da lokacin kaka ya shigo, wani tsohon abokinsa ya kwanta ciwo a Paris, Inna ta ce ni zan raka Tsoho dubiya. Awa biyu a jirgin ƙasa bai ce mini ko sannu ba. Muka duba mara lafiya a unguwar Goutte d'Or, muka ci shinkafa, muka yi azahar. Ina zaton tasha za mu koma, sai ya ja ni cikin metro, shi da ke tsoron metro, har wani katafaren gidan tarihi da ake ajiye kayan jiragen ruwa. Ya wuce igwa, ya wuce zane-zanen yaƙi, bai ko waiwaya ba. Ya tsaya a gaban wani ƙaramin jirgin fasinja cikin gilashi, an tsaga shi gida biyu kamar kankana don a ga cikinsa.

Ya ce, "Mi ka gani sama?"

Na ce, "Wurin kapiten. Ofis ɗinka ke nan, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. "Sauka."

Na ga zauren cin abinci, da ƴan tebura da fitilu, da matakala kamar ta otal.

"Sauka."

Ɗakunan masu ƙaramin tikiti, gado kan gado.

"Ƙara sauka, ɗan nema. Durƙusa."

Na durƙusa. Can ƙasa, ƙasan layin da ruwa ke kaiwa, akwai wasu manyan tukwane na ƙarfe a jere, kowace da ƙofar wuta, da ƴan mutum-mutumi baƙi ƙirin riƙe da shebur. Ya ɗora yatsa a kan gilashin, har mai gadi ya yi gyaran murya.

"Nan nike. Kai da ka yi lakol, mi ne ne chauffer da Hausa?"

Na ce, "Ɗumamawa."

"To mai ɗumamawa hwa, mi sunanai?"

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kullum ina faɗin kalmar, ban taɓa jin wutar da ke cikinta ba. Mu dai tun a gida shofer mai mota ne, shi ke nan. Ashe tun ba a san mota ba akwai chauffeur, shi ne mai hura wutar da ke tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya juya farfela. Masu mota aro suka yi.

A nan tsaye ya ba ni labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya fara ne da turo gawayin kwal a baro daga rumbu zuwa bakin wuta, ya daɗe a haka kafin a ba shi shebur. Awa huɗu a gaban wuta, a huta takwas, a dawo. Ya ce watsa kwal gwaninta ce, a baza shi bai ɗaya kamar mai shanya gero, in ka tara shi wuri guda wuta ta shaƙe, allurar tururi ta faɗi, jirgi ya rage gudu, kuma kowa ya san tukunyar wa ce. Suna ɗaura tsumma a wuya, in ƙishi ya yi yawa su tsotsi bakinsa. In teku ta tashi, kana riƙe da shebur cike, ƙasa na gudu daga ƙarƙashinka, wuta na buɗe a gabanka. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon da na daɗe ina cewa ƙazuwa ce. Sallah kuwa, ba taga, ba rana, jirgi na juyawa, sai dai su tambayi wani ɗan tsibirin Komoro da ya fito daga sama ina gabas take yanzu. A saman kansu ana kiɗa ana rawa, amma ya ce bai taɓa jin haushi ba. "Duk rawar da suka yi, bisa wutata suka yi ta."

Na ce, "To Tsoho, don me ba ka faɗa ba tun tuni?"

Ya ce ya faɗa sau ɗaya, zuwansa gida na farko. Mahaifiyarsa ta riƙe baki ta ce, ashe ƙetare teku ya yi don ya hura murhu kamar mace? Ta roƙe shi kada ya bari unguwa ta ji. "Sai na yi shiru. Ban taɓa cewa na tuƙa ba. Na ce ni shofer ne, kuma shofer nike."

Sauran na ji shi a jirgin ƙasa muna komawa, don ranar bakinsa ya buɗe. Aka koma ƙona mai maimakon kwal, shebur ya zama famfo. Jirgin sama ya zo ya kwashe fasinja, manyan jiragen suka bi juna zuwa wurin masu yanka ƙarfe. Ya koma wurin ƙera jirage kusa da Marseille yana goge walda. Ya ce ranar da za a saki sabon jirgi, ana shafe katakon gangara da kitse da sabulu, a cire turaku, sai ka ga abu kamar unguwa guda yana tafiya da baya cikin ruwa, ƙartin maza na share hawaye. Nan ma aka rufe, ya gangaro Lyon aikin masana'anta. Da muka kusa sauka ya kama kunnena ya ce, "Gaban mutane ka ɓata ni, gaban mutane za ka gyara."

Na ce to. Aka yi suna, na ce sai na gaba, yau mutane sun yi kaɗan. Aka yi ɗaurin aure, na tashi har na buɗe baki, wani ya ce, "Yauwa, Lawali zai ba mu dariya," sai na ba su dariyar na zauna. Ni da ke iya magana a kan komai, "na yi kuskure" ta gagare ni. Sanyin shekarar bai fita ba huhun ya kayar da shi. A wurin zaman makoki na ji wani yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam, akwai labarai," da irin murmushin nan. Na sunkuyar da kai na ci gaba da raba dabino.

Nakan ce da ma yana nan yau in nuna masa a waya irin jiragen da ake ƙerawa a Saint-Nazaire, bene kan bene, da wurin wanka a sama. Na san ba zai kalli saman ba, zai ce in nuna masa ƙasa. In na ce masa yanzu mutum na zaune ne a ɗaki mai sanyi yana kallon allo, zai ce madalla, huhun wani ya huta, sannan ya tambaya ko ma'aikatan yanzu sun san sunan waɗanda suka riga su. Yaran garinmu da ke hawa tekun nan tasa a kwale-kwalen roba don ƙetarowa Turai kuwa, wannan ba zan nuna masa ba.

To jama'ar Vaulx, da ku injiniyoyin da kuka koma Kano da Kaduna, da mutanen unguwarmu a Maradi, ku ji. Malam Isuhu bai sayi littafinsa ba, da fatar hannunsa ya same shi. Bai tuƙa jirgi ba, shi ne ya sa jirgin ya tafi. Maƙaryacin da ke zauren nan ranar suna ni ne. Allah ya sanyaya masa kabari, ya sha zafi isasshe.

Abin dariyar, yanzu tuƙi nake yi, irin motar da ake kira ta waya. Katina na aiki yana aljihun mota tare da littafinsa, kalma ɗaya ce a jikin duka biyun. Da hunturu in fasinja ya shigo yana rawar ɗari ya ce, "Chauffeur, ɗan ƙara mana ɗumi," sai in murɗa har ƙarshe in ce masa, "Ka zo gidan sana'ar. Gado na yi."