Riskuwa da Ɓerayen Jami'a

Riskuwa mutumin Augie ne, kuma sana'arsa sayar da nonon itacen gamji a kasuwar Argungu. A bakinsa, nonon yana maganin basir, ciwon baya, har da mantuwa.

Bayan an kafa jihar Kebbi, Nazifa, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ke karatun haɗa magunguna a jami'a, ta karɓi kwalba guda. Ta ce za ta gwada a jikin ɓeraye, ta ga ko yana da guba, ko yana lalata ƙwayar halittar da 'ya'ya ke gada.

Tun ba ta dawo ba Riskuwa ya ƙara wa tallarsa baki: "Ga maganin da jami'a ta aiko nema!"

Da damina Nazifa ta zo gida.

"Kawu, ɓerayen da suka sha kaɗan suna nan lafiya, 'ya'yansu ma haka. Waɗanda suka sha da yawa hantarsu ta lalace, sun mutu. Ka daina ba mutane ludayi cike."

Riskuwa ya ce, "Sun mutu, kin ce? Dukkansu?"

Kasuwa mai zuwa ya baje kwalabe kashi biyu daga tukunya ɗaya. Ƙanana na mutane ne, ɗigo-ɗigo, kamar yadda ta ce. Manya kuwa maganin ɓera ne, na masu rumbun shinkafa.

Manoma suka saya, suka dawo da ƙorafi, wai ɓerayensu ko sunsunawa ba su yi ba.

"Ai na ƙauye ne," in ji Riskuwa. "Ba su yi boko ba."