Tsutsar Rijiyar Gwaggo

Har yau in na ga guga sai kunya ta kama ni. Ina shekarar farko a kwalejin horar da malamai, ina karanta ilimin halittu, kaina ya kumbura, ko gaisuwa sai na sa mata Turanci. Da hutu na dawo ƙauyenmu a gefen madatsar ruwan Watari da wani ɗan gilashin ƙara girma a aljihu, ina leƙa duk abin da ya motsa.

Gwaggo, yayar babanmu, tana da rijiya a ƙofar gida. Mijinta ne ya haƙa ta kafin ya rasu, ya ce sadaka ce mai gudana, kowa ya ɗiba. Duk safiya tana zama a zaure tana jin ƙarar guga, ta ce, "Ka ji, ana rubuta wa Malam lada."

Wata rana na kankare gansakukar gugan, sai ga wata 'yar tsutsa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, shafal kamar an taka ta, tana sulɓi. Na tuna hoton littafinmu. Ai kuwa bayan la'asar, a gaban masallaci, na miƙe na ce tsutsar tsargiya ce, ita ke sa yara fitsarin jini. Dattawa suka leƙa gilashin ɗaya bayan ɗaya suna salati. Mai unguwa ya ce a rufe rijiyar. Aka ɗora mata tsohon kwanon rufi, aka danne da duwatsu, mata suka koma famfon bayan kasuwa. Ni kuwa har wani taku nake yi, wai na ceci gari.

Na tafi da tsutsar makaranta a kwalba, don malaminmu ya yaba mini. Ya sa ta a madubin ɗakin gwaji, ya ce, "Zo ka gaya mini abin da ka gani."

Na ga ɗige biyu baƙaƙe a kanta kamar idanu. Ya nuna mini bakinta a tsakiyar ciki, ta nan take ci, ta nan take fitarwa. Jikinta duk ƙananan gashi ne, da su take tafiya.

"Ina abin da take maƙale wa mutum da shi?"

Babu.

"To, danginsu ɗaya da ta tsargiya, amma gida daban. Waccan sai ta bi ta dodon koɗi, ta huda fatar mai shiga kududdufi. Wannan kiwon kanta take yi, ba ruwanta da kowa. Kama da wane ba ta wane." Ya ƙara da cewa irinta ma ruwa mai tsabta ta fi so.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma kun san abin da na yi? Shiru. Hutu biyu ina zuwa gida ina bi ta bayan layi don kada na ga kwanon nan. Tsoron dariyar dattawa ya fi mini Gwaggo. Tir da ni.

Sai a hutu na uku na faɗi gaskiya a inda na yi ɓarnar. Aka yi dariyar, wani ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, aka ɗage kwanon. Amma magana zarar bunu ce. Mata sun saba da famfo, kuma wa zai ba ɗansa ruwan da aka taɓa kira na tsargiya?

Na durƙusa gaban Gwaggo na ba ta haƙuri. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta shiga ɗaki ta fito da gugan, robarsa duk ta tsattsage.

"Ni ba ka yi mini komai ba, ɗan nan," ta ce. "Ladan Malam ka tsayar. Jawo ka sha, ko na mutum ɗaya a rubuta masa yau."