Rabin Zanen Kakana

Kakana magini ne, amma abin da aka san shi da shi daga Talata Mafara har Maradun shi ne zayyana, wato adon da ake yanka wa bango tun yaɓe yana ɗanye. A shekarar da nake ba da labari yanar ido ta fara rufe masa gani. Masallacin unguwarmu a Morai kuwa ana gyaransa, kuma masu kula da aikin sun riga sun sayo tayil. Sau uku ya je wajen shugabansu, wani dattijo mai sayar da taki, kafin aka bar masa bango ɗaya, na wajen ƙofa. Sharaɗin shi ne idan bai yi kyau ba a fasa a manna tayil. Duk gidan mun san in aka fasa, ba mai sake kiransa aiki.

Na dawo hutu daga makaranta ana saura kwana ɗaya a yi yaɓen. Ya shimfiɗa mini wata babbar takarda ta tsohon buhun siminti, cikin 'yan kaɗan da ya adana tun kafin a koma buhun leda. Ya ba ni basilla, ya ce in bi layin gawayin da ya zana a kai in huda shi ɗigo-ɗigo, tunda idonsa ba ya ganin bakin allura. Ya tsokane ni da amarya kamar kullum, ya ce in na ɓata sai ya sake ni, sannan ya hau mota zuwa Damri neman farar ƙasa.

Da na duba sai na ga rabin takardar ne kawai da zane. Igiyoyi sun sarƙe, sun naɗe, sun zo tsakiya sun tsaya cak. Ɗaya ɓangaren babu komai. Zuciyata ta karye. Na ɗauka idon ne ya gaza masa a hanya, kunya ta hana shi faɗa. Na ɗauki gawayi na ƙarasa masa da hannuna, har da wasu ganyaye da suka zo mini a rai, na huda duka, na naɗe. Ban gaya wa kowa ba.

Abin da ban sani ba, wanda kowane yaron magini ya sani, shi ne rabi ake zanawa. Sai a ninka takardar a huda, hudar ta ratsa ta fito ɗaya gefen daidai wa daida. Karin ninkin kuma, wato layin da ninkin ya bari, shi ne ake ɗorawa a tsakiyar bango.

Da hantsi aka yi yaɓen. Bazara ce, rana ta fito da wuri. Ina leƙe daga zauren maƙwabta na ga ya warware takardar, ya bi ta da tafin hannu. Ya sake bi. Sai ya tsaya, ya aika a kira ni.

Na fito cikin maza da hijabina. Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Amarya, ina karin?"

Na ce ban ninka ba, na ƙarasa masa ne.

Mai taki ya matso yana tambaya ko lafiya, ya ce shi fa tayil na nan a ɗaki, ba sai an wahalar da tsoho ba. Kakana ya ce masa lafiya lau, ya ɗan ja baya kada gawayi ya taɓa masa babbar riga.

Ya manna takardar, ya ɗauki ƙullin tsumma mai garin gawayi ya bubbuga a kan nasa rabin kaɗai. Da ya ɗaga, ɗigogi baƙaƙe sun jeru a yaɓen. Saura a goge takardar, a juya bayanta, a fitar da ɗaya gefen da wannan rabin dai. Amma dole tsakiya ta hau kan tsakiya, kuma babu karin da yatsansa zai bi. Idonsa ba ya ganin ɗigon.

"Hau bencin ga," in ji shi. "Ke kika ɓata, ke za ki gani mini."

Wani ya yi gyaran murya. Na hau. Yaɓen yana huro sanyi a fuskata, amma gefensa na ƙasa ya fara yin fari, alamar bushewa. Na ɗora takardar, ta zame. Na sake ɗorawa, na ga ƙarshen igiyar farko ya haɗu da ɗan'uwansa, na ƙasa kuma ya kauce da faɗin yatsa. Hannuna ya yi gumi har takardar ta fara laushi. Kakana bai ce in yi sauri ba, sai dai ina jin yana taɓa bangon yana cirewa. A karo na uku na ce masa ta zauna. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce eh, alhali ban tabbata ba.

Ya bubbuga, muka ɗaga. Igiyoyin sun kama juna.

Daga nan ni ce idonsa. Ina cewa dama, ina cewa sauka kaɗan, shi kuma 'yar wuƙarsa tana tafiya kamar ta san hanyar tun da. Ya fara daga sama. Kafin ya iso kusurwar ƙasa ta hagu siminti ya kama, wuƙar ta fara ƙara tana tsalle. Ya gwada sau biyu ya bari. Wajen taƙi ɗaya ya rage da ɗigon gawayi kawai.

Aka kira azahar. Mai taki ya tsaya gaban bangon ya daɗe, hannayensa a baya. Ya kalli kusurwar, ya kalli kakana. Daga bisani ya ce wa leburori su kai tayil ɗin wajen alwala, can ya fi buƙata.

Muka kama hanyar gida ni da kakana har muka kai ƙofa. Ya miƙo mini takardar, ya ce ya ji ganyayena a yatsa, sun yi yawa, amma wanda ke can sama ba laifi. Ya ce sakin an ɗage shi zuwa wani aikin.

Damina ta farko ta wanke ɗigon kusurwar. Har yau wurin a shafe yake, kuma in na wuce can idona yake fara zuwa.