Kwallar Maganin Sugar Goggo Dije

Ranar da aka kawo ni riƙo gidan Goggo Dije, yayar babana, a lungunmu na kusa da Ƙofar Doka, na same ta zaune a kan tabarma da reza a hannu, tana tsaga tsinken ashana gida biyu. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke ce Hindatu? Zo riƙe mini kwalin." Ku da kuka san ta kun san ban ƙara gishiri ba. Matar da take wanke ledar koko ta shanya a igiya! Kome ka ɗauka za ka yar, sai ka ji muryarta daga ɗaki: "Ajiye, ranarsa na zuwa."

Ni kuwa Allah ya yi ni da son littattafan soyayyar nan na kasuwa. Goggo ta ce shirme ne, amma da an yi la'asar sai ta ce, "Ɗauko shirmen naki mu ji." Wata rana na zo inda saurayi ya rubuta wa budurwa wasiƙa shafi huɗu.

Ta ce, "Tsaya. Gaba da baya ya rubuta, ko gaba kawai?"

"Goggo, ba a faɗa ba."

"Gaba kawai ne. Kar ta aure shi."

Sai kuma maƙwabcinmu Malam Iro, mai ɗinkin babbar riga, wanda indararon soronsa yake zuba a tsakar gidanmu. Shekara talatin suna faɗa a kan indararon nan. Mijinta ya rasu, matarsa ta rasu, faɗan bai mutu ba. Da hadari ya taso za ta tura randa ƙarƙashinsa, sannan ta ɗaga murya ta kan katanga: "Mai indararo! Ga ɓarnarka ta fara!"

Na ce, "Goggo, ai da ruwan muke wanki."

"Ruwan daban, shari'ar daban."

Da Malam Iro ya gaji ya aiko cewa zai kira magini a juya shi, wayyo, ranar har mai unguwa sai da ya ji. "Da izinin wa zai juya mini ruwa?" Ni dai a zuciyata na riga na gama rubuta littafinsu, har da bangon.

To, da likita ya ce tana da ciwon suga, ɗanta Yaya Bashir da ke aiki a Kaduna ya kafa sharaɗi: ko ta riƙa shan magani kullum, ko ya ɗauke ta ta koma wurinsa. Goggo kuwa ba abin da take tsoro kamar barin Birni. Ta ce gidan da ba a jin tafiyar maƙwabci kurkuku ne. Duk wata yana aiko da farar ƙwayar nan, metfomin. In sun zo ziyara da matarsa Anti Maryam, wadda nas ce, Goggo za ta haɗiye ɗaya a gabansu har da lumshe ido. Suna fita, sauran su tafi cikin wata kwalla a ƙarƙashin gado, ita kuma ta jiƙa shuwaka.

"Goggo, magani fa ne!"

"Shi ya sa. Ana cinye magani da lafiya? Ajiye."

Ban gaya wa kowa ba, kuma har yau abin nan yana damuna.

A shekara ta biyu da shigowar korona, Malam Iro ya kwanta. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. Ta katanga muke jin tarinsa. Kwana uku Goggo ba ta tsaga ashana ba. Ɗaya sukutum take ƙyastawa, ba ta ma lura ba. A rana ta huɗu Anti Maryam ta kira a waya, tana ta jan kunnenta a kan wanke hannu, sai ta ce, "Kin san har maganin sugarki ma likitoci suna gwadawa a ƙasashen waje, ko zai taimaka wa masu wannan ciwon. Gwaji ne dai, ba a tabbatar ba."

Goggo ta ajiye waya, ta dube ni, idonta na ƙyalli. "Me nake gaya miki?"

Ta durƙusa ta jawo kwallar, ta buɗe. Jama'a, cike take fal! Ta ɗaure ta a sabon ɗankwali, ta ce in sa takunkumi in miƙa wa Asabe, 'yar Malam, daga bakin zaure.

Na ce, "Goggo, Asabe ba za ta ba shi ba sai ta tambayi Anti Maryam. In ta tambaya kuwa, asirinki ya tonu. Sai Kaduna."

Ta ƙara ƙulle ɗankwalin. Sannan ta ce, "Na sani. Ɗauki."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Wallahi Goggo, wannan ita ce soyayyar!"

"Ke tafi can, uwar shirme! In ya mutu, da wa zan ƙarasa shari'ar?"

Yadda na faɗa haka aka yi. Ko rabin sa'a ba a yi ba wayar ta yi ƙara. Anti Maryam ba ta ko gaishe ta ba. Ta ce kar a kuskura a ba shi ko ɗaya sai likita ya ce, wasu ma sun daɗe da lalacewa, a kai shi asibiti yanzu-yanzu. Sannan ta yi ƙasa da murya: "Goggo, ƙwaya nawa ce a kwallar nan?"

"Ban ƙirga ba. Amanar Allah ce."

Malam ya yi kwana goma sha biyu a asibiti, ya dawo kamar sillen kara, bai taɓa ƙwayar Goggo ba. Mako biyu bayan nan Yaya Bashir ya iso da mota, fuska a murtuke, ya ce in haɗa mata kaya. Goggo ta zauna a bakin gado. Ban taɓa ganinta ƙarama haka ba. Ana cikin haka aka yi sallama a zaure: Malam Iro ne, yana dogara sanda.

Ya ce, "Bashir, in ka kai ta Kaduna, za ta sami wata kwallar. Ka bar mini ita. Ni kaɗai ne ba za ta yarda in kama ta da laifi ba."

Yaya ya yi dariya ba da son ransa ba. Ya ba da wata uku na gwaji.

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai mu ji sanda a jikin katanga, ƙwan-ƙwan-ƙwan. "Hajiya! An sha?"

"An sha, sarkin sa ido!"

"Hindatu, duba ƙarƙashin harshenta!"

Don tsabar kar ya sami abin faɗa, ba ta sake tsallake rana ɗaya ba. Wata uku suka zama shekara uku. A ɗakinta ta cika, a cikin Birninta, maƙwabta suna ta shige da fice.

Malam Iro yana nan. Ido ya yi rauni, ya ajiye allura. Da na je gaishe shi bayan sallar bana, Asabe ta ja ni gefe ta ce har yanzu da hantsi yakan ɗauki sandarsa ya nufi katangar. In ya isa sai ya tsaya, ya jingina sandar, ya ɗaga hannu biyu ya daɗe yana mata addu'a.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Shi kuma Malam, Allah ya ba shi haƙuri, ya sa ya gama lafiya. Amin.