Tagar Miƙa Kwanoni

A unguwarmu ta yammacin Oakland, in ka ce Lucius Pettway, sai a ce, "Au, mai wanke-wanke?" Shekararsa saba'in da biyar, dattijon coci ne, da kwat uku da hular da ta girme wa 'ya'yansa. Amma biki ko makoki, a bakin famfo za ka same shi. Mata na ta sa masa albarka. Ni dai na sha faɗa: namijin da ya fi son tukwane a kan hira, ko waliyyi ne, ko akwai abin da ya binne.

Nasa ya binne shi ne a 1969. Lokacin samarinmu masu fafutukar 'yancin baƙar fata sun sa baƙaƙen huluna, suna ɗaga dunƙulen hannu, suna ciyar da yara karin kumallo kyauta a zauren ƙasan coci. Lucius na da shekara goma sha tara, wasu mutanen gwamnati suka kama shi da motar da ba tasa ba. Suka ce ya zaɓa: kurkuku, ko 'yar kyamara da zai riƙa ɗaukar musu samarin a ɓoye. Ya huda kwalin garin masara, ya cusa ta ciki, ya ajiye a tagar da ake miƙa kwanoni. In zai kunna ta, sai ya saki famfo don ruwa ya rufe ƙararta. Da hotunan aka kama mutum shida. Booker, yayan Ozella Gaines mai dafa abincin, ya shiga kurkuku da baƙin gashi, ya fito da furfura, bai shekara biyu ba ya rasu.

Ba wanda ya sani. Lucius ya yi aure, ya tuƙa motar haya shekara talatin, ya binne matarsa, yana ta wanke kwanoni kamar zunubi maiƙo ne.

Sai ga Imani Broussard, mai shirya fim ɗin tarihi. Ta yi ta fama da ma'ajiyar gwamnati har aka sakar mata tsofaffin faya-fayen da kyamarar nan ta ɗauka, ta ce a zauren nan za a fara nunawa, ran Lahadi bayan sujada. Tun daga ranar Lucius ya daina cin abincin kirki. Mota ta tsaya a ƙofarsa, sai ya leƙa ta labule.

Ran Lahadi ya so ya maƙale a kicin. Ozella ta zunguro shi da sandarta.

"Ɗan'uwa Pettway, tukwanen nan ba aure za su yi ba. Zo ka zauna kusa da ni, ka ga lokacin da kake da haƙora."

Hotunan ba su da murya, mu muka zame musu murya. Duk wanda ya bayyana, sai a kira sunansa.

"Ga Earline! Dubi ƙugu, jama'a, ina ya tafi?"

"Jikoki suka cinye shi, munafuka!"

Booker ya gifta a fim ɗin ɗauke da tiren ƙwai. Matasan da suka yi zanga-zanga bara suka miƙe tsaye, hannu a dunƙule. Imani ta tsayar da fim ɗin, ta ce, "Wanda ya ɗauki wannan yana cikinku a lokacin. An goge sunansa a takardun. Har yanzu ina nemansa."

Lucius ya ƙura wa hotunan ido. Kowane hoto daga wuri ɗaya aka ɗauke shi, gefensa har da bakin katakon tagar. Yana juyawa zai ga tagar, taku goma daga kujerarsa. Bai juya ba.

Aka ci gaba. Sai ga Ozella, budurwa, ta nufo tagar da tulin kwanoni. Ta kalli wani da ke dab da kyamarar, ta karkata kai, ta sakar masa murmushi mai narkar da man shanu.

Zauren ya ɓarke. "Kai, 'yar'uwa Ozella! Wa ake wa wannan fari?"

"Faɗi sunansa, ko ya mutu mu je mu tono shi!"

Ozella ba ta yi dariya ba. A duk shekarar nan mutum ɗaya ta yi wa irin wannan murmushin, kuma shi kaɗai ne bai fito a fim ɗin ba ko sau ɗaya. Ta ɗora hannu a gwiwar Lucius.

"Na manta," ta ce da su. "Tsufa."

Da aka tashi ya yunƙura zai nufi kicin, ta riƙe hannun kwat ɗinsa.

"Bar kwanonin, Lucius. Ran Talata Imani za ta zo gidana da kyamararta, ƙarfe goma. Kai za ka zauna a gabanta."

"Ozella, yaro ne ni a lokacin..."

"Booker ma yaro ne. In ba ka zo ba, Lahadi mai zuwa zan tuna."

Ya shiga kicin duk da haka, ya tsaya a bakin famfo. Hannunsa ya kasa murɗa shi.