Igiyar Malam Laminu Mai Zare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina ɗaure jarkoki a bayan moto zan tafi neman ruwa, aka bugo mini: Malam Laminu ya rasu.

Tsohon shugabana ne a aikin ruwa. Yanzu muka dawo daga kai shi, kuma wallahi haushin da ke raina ya fi hawayen yawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, a ofis ɗinsa akwai wani falankin katako cike da ƙusoshi. Wannan ƙusa injinan da ke turo ruwa daga daji, wannan shato, babban tankin gari, wannan kuran, wato wutar lantarki, wannan gidan mai, wannan asibiti, wannan eriyar waya. Ya haɗa su da zare, kowanne da abin da ya dogara da shi. Sabon ma'aikaci in ya zo, sai ya miƙa masa almakashi.

"Yanke ɗaya, ka gaya mini wa zai kwana da ƙishirwa."

Mu kuwa dariya muke yi. Mu muka laƙaba masa Mai Zare. Har da ni, ni da ya ajiye a gidansa wata uku lokacin da aka turo ni Damagaram ban san kowa ba. In ya dawo daga garinsu Zermu, sai na tarar da ƙullin gyaɗa a kan teburina, ko magana ba zai yi ba.

Shekarar da damina ta ƙi, mutanen Hamdara da Garagumsa suka cika gari, aka kawo mana sabon gurub, injin ba da wuta, saboda injinan ruwa. Aka yi taro, aka ɗau hotuna. Malam ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, man gazuwal ɗinsa daga ina?"

Darakta ya ce, "Daga gidan mai mana."

"To famfon gidan man da me yake aiki?"

Darakta ya ce a ƙyale Malam da zarensa.

Ba a rufa wata ba kuran ya ɗauke. Gurub ya shanye mansa. Muka je gidan mai, ga mai cike a tankin ƙasa, babu wutar jawo shi. Mu kira a kawo daga wani wuri, rezon waya ya tafi, don ita ma eriyar man take jira.

Abin da ya riƙe unguwarmu tsohuwar rijiyar bayan masallaci ce. Da an so a cike ta da ƙasa, wai ƙauyanci ce tunda an ja famfo. Malam ne ya yi ta sintiri gidan mai unguwa har aka gaji da shi aka yi mata murfi. Cewa yake, "Ita ba ta jiran kowa. Igiya da guga kawai."

Kuna tsammani an ɗau darasi? Ranar da ya ajiye aiki aka jefa falankin a sito.

Juma'ar da ta wuce na je duba shi. Ya rame, yana kishingiɗe a tabarma. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Habu, ka duba igiyar rijiyar nan? Bana ma sama ba ta da niyya."

Na ce, "Haba Malam, ka ji da jikinka mana. Gobe zan je."

Ban je ba.

Yau kwana uku famfo ko ɗigo. Kuran ya tafi, sauran labarin kun riga kun ji shi. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa wajen ba gari ruwa, aka rasa ruwan da za a yi masa wanka! Muka ruga rijiya, muka ɗaga murfi, na ja igiya ta tsinke a hannuna. Ta ruɓe tun tuni.

Na koma gidan Malam ban san da wane baki zan yi bayani ba. Matarsa, Ya Fanna, ta leƙo zaure da wani buhu.

"Karɓi, Habu. Ran Asabar ya aika aka sayo. Ya ce ai ka ce masa gobe za ka je."

Sabuwar igiya ce da guga. Har ya sa an ƙara mata tsawo, don ya san ruwan ya ja ƙasa. Da ita muka jawo ruwan wankansa.

A wurin jana'iza, masu cewa a ƙyale shi da zarensa suna sahun gaba, wai an yi rashin masani. Na so in yi magana, sai na tuna da goben da na ce masa, na fasa.

Allah ya jiƙan Malam Laminu, ya yafe masa, ya shayar da shi daga Alkausara. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara.